Bayanan ɗalibai suna cakuɗewa tsakanin tagogi biyu: a zama zan ajiye su ko a buƙata?

ƊanKoyo:

Assalamu alaikum, malamaina. Ina fama da wata matsala a manhajar yanar gizo da aka damƙa mini kulawa da ita, kuma ina roƙon a warware mini ita daga tushe, domin gyaran da aka gwada ya toshe ɓaraka ɗaya ne ya buɗe wata.

Manhajar ta karɓar kuɗin makaranta ce. An rubuta ta da harshen Java a kan Spring MVC, wani tsarin gina manhajojin yanar gizo, tana gudana a kan Tomcat, manhajar sabar da ke amsa wa burauza, a wata kwamfuta da ke ofishin makarantar. Aikin kashiya mataki uku ne: ya nemo ɗalibi da sunansa ko lambarsa ya zaɓe shi, shafi na biyu ya buɗe masa inda zai shigar da adadin kuɗin da aka kawo da zangon da ake biya wa, sannan shafi na uku ya nuna masa komai domin ya tabbatar a fitar da rasit. Wanda ya rubuta ta tun farko ya tsara cewa da zarar an zaɓi ɗalibi sai a ajiye shi a cikin zaman kashiyan, wato a HttpSession, ma'ajiyar da sabar take riƙe wa kowane mai amfani muddin yana cikin manhajar, kuma duk shafukan da suka biyo baya daga can suke ɗauko shi.

A ranakun da babu cunkoso komai yana tafiya daidai. Amma a makon farko na zango, lokacin da iyaye suke yin layi har bakin ƙofa, kashiya yakan buɗe taga ta biyu a burauza. Wani uba zai tsaya yana ƙirga kuɗinsa ko yana jiran saƙon banki ya shigo wayarsa, sai kashiya ya bar tagarsa a buɗe ya fara sallamar na bayansa a wata tagar. Idan ya dawo tagar farko, sunan ɗan mutumin farko ne rubuce a gabansa, ya danna maɓallin tabbatarwa, amma rasit ɗin da firinta za ta fitar yana ɗauke da sunan yaro na biyu, kuma a rumbun bayanai ma kan na biyun kuɗin yake hawa. Idan uban bai duba takardar ba kafin ya tafi, ba a gano abin sai ranar da aka koro ɗansa gida a kan bai biya ba.

An gwada cire ɗalibin daga zama a mayar da shi cikin buƙata, wato saƙo guda da burauza take aika wa sabar, ta hanyar setAttribute a kan HttpServletRequest. Cakuɗewar ta tsaya, sai dai shafi na biyu ya koma yana buɗewa babu ɗalibi a cikinsa kwata-kwata, domin bayan zaɓen ɗalibi kod ɗin yana yin sendRedirect, wato yana tura burauza zuwa wani shafi, kuma abin da aka sa yana ɓacewa a hanya. Dole aka mayar da shi yadda yake, aka kuma gargaɗi kashiyoyi kada su buɗe taga fiye da ɗaya, gargaɗin da ba ya wuce ƙarfe goma na safe.

Tambayata ita ce, tunda zama ya yi wa wannan bayanin faɗi, buƙata kuma ta yi masa gajarta, ina ne ainihin wurinsa? Kuma da wane ma'auni ake yanke hukuncin abin da ya dace da zama da abin da ya dace da buƙata, domin akwai wasu shafukan da nake zargin haka aka gina su?

TsohonHannu:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena, manhajar nan abin da aka umarce ta shi take yi: an ce ta riƙe ɗalibi ɗaya ga kowane kashiya, ta kuwa riƙe na ƙarshen da ya zaɓa. Kafin mu je ga gyara bari mu duba yadda zama yake a zahiri, domin yawancin ruɗanin daga nan yake tasowa.

Ƙa'idar HTTP, wadda burauza da sabar suke magana da ita, ba ta tuna abin da ya wuce. Kowace buƙata ita kaɗai take isa, sabar ta amsa, magana ta ƙare. Domin a samu hanyar gane cewa buƙatar yanzu da ta ɗazu daga wuri ɗaya suka fito, Lou Montulli na kamfanin Netscape ya ƙirƙiro kuki a shekarar 1994, wato ɗan guntun rubutu da sabar take bai wa burauza ta ajiye, ita kuma ta riƙa haɗo shi da duk buƙatar da za ta aika wa wannan gidan yanar. A Tomcat sunan wannan kukin JSESSIONID, kuma babu komai a cikinsa sai doguwar lamba mai wuyar hasashe. Bayanan kansu suna cikin ƙwaƙwalwar sabar, lambar tana nuna inda suke ne kawai. Abin lura shi ne kuki na burauzar ne gaba ɗayanta. Ko taga goma kashiya ya buɗe, lamba ɗaya za su aika, kuma babu wani abu a cikin buƙatar da zai sanar da sabar daga wace taga ta fito. Zama kamar aljihun rigar mutum yake, ko wane ɗaki ya shiga da aljihu ɗaya yake shiga, idan ya cire takardar wani ya sa ta wani a ɗaki na biyu, to in ya koma ɗakin farko ta biyun zai lalubo.

Hana su buɗe taga ta biyu ma ba zai rufe ƙofar ba. Gwada wannan da taga ɗaya: zaɓi ɗalibi ka kai shafin tabbatarwa, koma ka zaɓi wani, sannan ka yi ta danna maɓallin komawa baya har shafin tabbatarwa na ɗalibin farko ya bayyana. Sau da yawa burauza za ta nuna maka tsohon shafin daga ajiyarta ba tare da ta tambayi sabar ba, sunan na farko a gabanka, na biyu kuwa a cikin zama. Danna tabbatarwa ka ga inda kuɗin zai sauka.

Buƙata kuma rayuwarta tana farawa ne lokacin da ta iso sabar, tana ƙarewa da zarar an aika amsa. Idan kwantarola, wato ɓangaren kod da ke karɓar buƙata, ta miƙa aiki ga shafin JSP mai tsara abin da za a nuna ta hanyar forward, miƙawar a cikin sabar take faruwa, burauza ba ta ma sani ba, saboda haka buƙatar ɗaya ce kuma abin da aka sa mata yana nan. Shi kuwa sendRedirect amsa ce cikakkiya mai lamba 302 da ake aika wa burauza, ana ce mata ta tafi wani adireshin. Da fitar wannan amsar buƙatar farko ta mutu da duk kayanta, abin da zai iso bayan nan sabuwar buƙata ce fes. Shi ya sa shafinka na biyu ya zo a wofi. Kada wannan ya ja ka ka cire sendRedirect ɗin, musamman wanda ke bayan tabbatar da biya, domin shi ne ke hana a sake aika fom ɗin idan kashiya ya sabunta shafin rasit.

Ma'aunin da nake amfani da shi tambaya ce guda: wannan bayanin na wane ne? Idan na mutumin da ke zaune gaban kwamfutar ne, kuma zai zama gaskiya a kowace taga ya duba, kamar lambarsa ta ma'aikaci da ikon da aka ba shi da harshen da ya zaɓa, wurinsa zama. Idan ana buƙatarsa ne kawai domin a gina amsa guda, kamar jerin ɗaliban da bincike ya fito da su ko saƙon cewa adadin da aka shigar ba lamba ba ne, wurinsa buƙata. Ɗalibin da ake karɓar kuɗinsa ba ya cikin ko ɗaya. Shi na aikin ne, kuma kashiya ɗaya yana iya riƙe aiki uku a lokaci guda. Duk abin da mutum ɗaya zai iya mallakar biyunsa a lokaci guda, bai kamata a ba shi gurbi ɗaya tak a cikin zama ba.

Saboda haka shaidar aikin ita za ta riƙa tafiya tare da kowace buƙata, a cikin adireshin shafin ko a ɓoyayyen gurbi na fom. Mafi sauƙi shi ne lambar ɗalibin ta shiga adireshi, misali /biya/4821/adadi, kowace kwantarola ta karanto lambar daga nan ta ɗauko ɗalibin daga rumbun bayanai. Taga ita ce ke riƙe da adireshinta, don haka kowace taga ta samu nata ɗalibin ba tare da wani ƙarin aiki ba, maɓallin komawa baya ma ya daina cutarwa. Wanda na fi so, tunda maganar kuɗi ce, shi ne da zarar an zaɓi ɗalibi a buɗe layi a rumbun bayanai a matsayin biyan da bai kammala ba, a ba shi lamba ta UUID, wato doguwar lamba ta musamman da ba ta karo da wata, lambar nan ta zama ita ce ke cikin adireshi. Shafi na biyu ya rubuta adadi a kan layin, shafi na uku ya karanto shi, tabbatarwa kuma ta sauya matsayinsa zuwa kammalalle.

Gargaɗi ɗaya mai nauyi: abin da ke cikin adireshi ko ɓoyayyen gurbi yana hannun mai burauza, yana iya sauya shi yadda ya ga dama. Don haka a kowace buƙata sai sabar ta haɗa abubuwa biyu, wane ne wannan daga zama, wane aiki yake nema daga adireshi, sannan ta duba ko yana da ikon taɓa shi. Kuma adadin kuɗin da za a rubuta a rasit daga rumbun bayanai za a ɗauko shi, ba daga abin da fom ɗin tabbatarwa ya dawo da shi ba.

Saƙon "an karɓi kuɗi" da ake so ya tsallake turawar sendRedirect sau ɗaya, Spring tana da abin da aka yi dominsa tun sigar 3.1, wato addFlashAttribute a kan RedirectAttributes. Yana aje saƙon a zama na ɗan lokaci, ya goge shi da zarar buƙata ta gaba ta ɗauka. Ya dace da saƙo, bai dace da ɗaukar ɗalibi daga mataki zuwa mataki ba, domin sabunta shafi sau ɗaya ya isa ya ɓatar da shi.

MalamaKod:

Bayanin Malam ya gamsar, kuma da alama shi ne ciwon. Sai dai, ɗan'uwa, kafin ka rufe bincike ina so ka tabbatar da abu ɗaya: shin cakuɗewar tana faruwa ne kawai tsakanin tagogin kashiya ɗaya, ko an taɓa ganin ɗalibin da kashiyan wancan tebur ya zaɓa ya fito a rasit ɗin wannan tebur? Idan na biyun ya taɓa faruwa ko sau ɗaya, to akwai wata cuta daban da ta fi wannan muni, kuma alamominsu suna kama da juna sosai.

Dalili shi ne bayan zama da buƙata akwai hurumi na uku da ba a ambata ba, hurumin manhajar gaba ɗaya, kuma mutane suna faɗa masa ba tare da sun yi niyya ba. A Spring, idan ba ka faɗi wani abu daban ba, kwafi ɗaya tak ake yi na kowace kwantarola da kowane sabis, wato kod ɗin da kwantarola take kira ya yi ainihin aikin, kuma wannan kwafin shi ke hidimar kowa. Haka ma servlet, kod ɗin Java na tushe da ke amsa buƙatu, yake tun asali. Tomcat kuma ba ya jiran buƙata ɗaya ta gama kafin ya karɓi wata, yana da tarin zaruruwan aiki da a tsarinsa na asali suke kaiwa 200, kowane zare yana ɗaukar buƙata guda ya bi da ita ta cikin wannan kwafin ɗaya. Gurbin ajiyar bayani da aka ayyana a cikin metod, wato guntun kod mai aiki ɗaya, na zaren da ya shiga ne shi kaɗai, babu matsala. Amma gurbin da aka ayyana a saman kilas, wato babban ƙunshin kod da metod ɗin suke ciki, na kowa ne. Idan wani ya rubuta private Dalibi dalibi a saman kwantarola, metod ɗaya ta cika shi, wata ta karanta, to ba kashiya ɗaya ba, duk ofishin ne suke rubutu a wuri ɗaya. Irin wannan ba ya nuna kansa a kwamfutar mai rubuta kod, inda mutum ɗaya ne ke dannawa a hankali, sai ranar da jama'a suka taru. Saboda haka bi duk kwantarololi da sabis-sabis ɗinka ka duba saman kowane kilas. Abin da ya halatta a can shi ne abin da ba ya sauyawa daga buƙata zuwa buƙata, kamar hanyar isa ga rumbun bayanai. Ka kuma duba duk wani gurbi mai static, wato wanda ɗaya ne ga kilas ɗin gaba ɗaya, da SimpleDateFormat, mai tsara rubutun kwanan wata, idan an ajiye shi a saman kilas, domin ba a gina shi don zaruruwa da yawa su yi amfani da shi a lokaci guda ba, kuma yana iya fitar da ranar da ba ta dace ba a kan rasit.

Dangin wannan shi ne ThreadLocal, wanda wasu suke amfani da shi su ajiye mai amfani na yanzu domin kada su riƙa miƙa shi daga metod zuwa metod. Zare ba ya mutuwa idan buƙata ta ƙare, komawa yake cikin tarin ya jira wata. Idan ba a goge abin da aka sa masa ba a ƙarshen buƙata, buƙatar wani mutum daban za ta zo ta tarar da shi.

Inda zan ƙara a kan shawarar Malam shi ne batun danna maɓalli sau biyu. Turawar sendRedirect bayan tabbatarwa tana maganin sabunta shafi, amma ba ta maganin kashiyan da ya danna, ya ga shafin bai motsa ba, ya sake dannawa. Buƙatu biyu ne za su isa sabar kusan tare. Da tsarin layin da bai kammala ba, maganin yana da sauƙi: umarnin sauya matsayi ya kasance da sharaɗin cewa layin yana nan a matsayin bai kammala ba, sannan a duba layi nawa umarnin ya taɓa. Idan ɗaya ne a fitar da rasit, idan sifili ne an riga an gama, sai a nuna rasit ɗin da ke akwai. Rumbun bayanai ne zai raba gardamar tsakanin buƙatun biyu, kuma ya fi kowa iya wannan aikin. Kashe maɓallin da JavaScript bayan dannawar farko yana da kyau domin sauƙaƙa wa kashiya, amma ba a dogara da shi.

ƊanKoyo:

Allah ya saka muku da alheri, Malam da Malama. Na yi gwajin maɓallin komawa baya, kuma kuɗin ya sauka a kan ɗalibi na biyu kamar yadda Malam ya faɗa. Na kuma bi kilas-kilas ɗin. Kwantarolar biya ba ta da gurbin ɗalibi a samanta, kuma a cikin rasit ɗin da aka dawo da su duk kashiya ɗaya ne ya karɓi kuɗin yaran biyu da suka cakuɗe. Amma na tarar da SimpleDateFormat mai static a kilas ɗin da ke buga rasit, zan sauya shi da DateTimeFormatter.

Saura tambaya biyu. Ta farko, muna tsakiyar karɓar kuɗi, kuma ƙara sabon tebur a rumbun bayanai yana buƙatar izinin hukumar makaranta da tsayar da aiki. Shin ba zai yiwu in bar bayanan a zama ba, amma maimakon gurbi ɗaya in yi jeri, kowane aiki da lambarsa, lambar kuma ta shiga adireshi? Ta biyu, kashiyoyi suna kukan cewa idan suka tashi sallah suka dawo sai su tarar manhajar ta fitar da su, aikin da suka bari a tsakiya ya ɓace. An ba ni shawarar in tsawaita wa'adin zama zuwa awa takwas. Mene ne ra'ayinku?

MaiPHP:

Ni a PHP nake aiki, amma matsalar tagogi biyu iri ɗaya ce a wurinmu, sunan kukin ne kawai ya zama PHPSESSID. A ganina, ɗan'uwa, dabarar da ka kawo ta jeri a cikin zama ta isa, kuma ita zan ba da shawara ga makaranta mai kashiya biyu ko uku. Asalin cutar ita ce taga ba ta da shaidar kanta. Da zarar ka ba kowane aiki lamba ka sa ta a adireshi, cutar ta warke, ko bayanan suna zama ko suna rumbu. Gyara ne na yini ɗaya, ba ya taɓa teburin kowa, ba ya buƙatar izinin kowa, kuma yara za su daina komawa gida a kan kuɗin da iyayensu suka biya. Ba sabon abu ba ne ma a duniyar Java ɗinku: ViewScoped da JSF 2.0 ta kawo da ConversationScoped na CDI duk a kan wannan tunanin aka gina su, bayanai a zama, shaida kuma tana tafiya da shafi.

Game da wa'adi, babu wata lamba mai tsarki. PHP tana zuwa da daƙiƙa 1440, wato minti 24, Tomcat minti 30, Django na harshen Python kuwa mako biyu cur. Kowa ya zaɓi abin da ya ga ya dace da irin aikin da ya hango. Lissafin kuma daga buƙata ta ƙarshe yake farawa a Tomcat, ba daga lokacin shiga ba, shi ya sa mai aiki ba kakkautawa ba ya ganin matsalar sai wanda ya tashi.

Abu ɗaya da zan ja hankalin masu PHP da za su karanta wannan: a tsarin asali zama a fayil ake ajiye shi, kuma buƙatar da ta buɗe zaman tana kulle fayil ɗin har ta gama. Idan kashiya ya nemi dogon rahoto a taga ɗaya, sauran tagoginsa za su tsaya cik suna jira, ya ɗauka intanet ce ta yanke. Maganin shi ne a kira session_write_close da zarar an gama karanta abin da ake so daga zama. Masu Flask na harshen Python kuma su tuna cewa nasu zaman a cikin kukin kansa yake, an sa masa hannu don kada a sauya shi amma ba a ɓoye shi ba, mai burauza yana iya karanta shi, kuma kuki ba ya ɗaukar abin da ya wuce kusan bait 4096.

TsohonHannu:

Na yarda da ɗan'uwa mai PHP cewa jeri a cikin zama zai tsayar da cakuɗewar, kuma idan shi ne abin da za a iya yi a wannan makon, a yi shi yau. Amma ina da sharuɗɗa, kuma ba zan bar shi ya zama gyaran dindindin ba.

Kullewar fayil da ya ambata, duk da tana jawo jinkiri, kariya ce da PHP take bayarwa kyauta. Tomcat ba ya yin haka. Tagogi biyu na kashiya ɗaya suna iya aiko buƙatu biyu a lokaci guda, zaruruwa biyu su kama jerin nan ɗaya suna rubutu a kai. Saboda haka ConcurrentHashMap, wanda aka gina don zaruruwa da yawa su yi amfani da shi tare, za ka yi amfani da shi, ba HashMap ba. Abin da za ka sa a ciki kuma ya zama ƙanana: lambar ɗalibi, adadi, zango. Kada ka ajiye ɗalibin dungurungum da tarihin biyansa, domin kwafin da ke zama ba ya sanin an sauya na rumbu, kuma idan akanta ya gyara bashin yaron a wannan tsakanin, kashiya zai yi aiki da tsohon lissafi. Ka goge kowane aiki daga jerin idan an kammala, ka kuma sa iyaka ga yawansu, domin ayyukan da aka fara aka watsar za su yi ta taruwa har zaman ya ƙare.

Dalilin da ya sa na fi son rumbu yana cikin tambayarka ta biyu. Zama a ƙwaƙwalwa yake. Ana iya saita Tomcat ya rubuta zaman da ke buɗe a fayil idan an kashe shi bisa ƙa'ida, ya dawo da su idan an kunna, muddin abubuwan da ke ciki Serializable ne, wato irin waɗanda Java take iya rubutawa a fayil. Amma sabar ɗinku a ofishin makaranta take, kuma ɗaukewar wuta ba ta ba shi damar rubuta komai. Tsakanin ɗauke wuta da tashin janareto duk aikin da ke tsakiya ya tafi, alhali wataƙila uban ya riga ya miƙa kuɗinsa. Layin da ke rumbu yana nan bayan wuta ta dawo, yana nan bayan wa'adin zama ya cika, kuma idan kashiya ya tashi aka ba wani kujerar, ana iya nuna masa ayyukan da aka bari a buɗe. Ranar da makarantar ta girma aka sa sabar biyu, nan ma zaman da ke ƙwaƙwalwar ɗaya ba ya cikin ɗayar, sai an koma ga irin su Spring Session da Redis, masu ajiye zama a wuri ɗaya da duk sabar suke gani, alhali abin da ke rumbu duka biyun suna ganinsa tun farko.

Awa takwas kuwa ban goyi baya ba. Kukan kashiyoyi ba a kan sake shigar da kalmar sirri yake ba, a kan aikin da ya ɓace ne, kuma idan aikin ya koma rumbu kukan zai ragu da kansa: ya shiga, a mayar da shi adireshin da yake, ya ci gaba. Wa'adin an yi shi ne saboda kwamfutar da aka tashi aka bari a buɗe a ofishin da iyaye da ɗalibai suke shige da fice, da ikon fitar da rasit a kanta. Idan minti 30 ya yi kaɗan ga sallah da cin abinci, a kai shi 45 ko 60 ta session-timeout a web.xml, a kuma koya musu danna fita idan za su tashi. Ka tabbatar maɓallin fitan yana kiran invalidate a kan zaman, wato yana rushe shi, ba komawa shafin shiga kawai yake yi ba, domin na ga manhajoji da dama da maɓallin komawa baya yake mayar da mutum ciki bayan ya fita.

Tunda ka riga ka buɗe wannan ɓangaren, duba abu biyu a kan kukin. Lambar zama ta sauya a daidai lokacin da aka shiga da kalmar sirri, domin kada wanda ya san lambar tun kafin shiga ya gaji ikon kashiyan. Spring Security tana yin haka da kanta, amma idan shigar da hannu aka rubuta ta, sai ka kira changeSessionId, wanda ya zo a Servlet 3.1. Sannan kukin ya kasance da alamar HttpOnly, mai hana JavaScript karanta shi, da ta Secure, mai hana aika shi sai ta HTTPS, idan kuna kan HTTPS. Idan ka ga jsessionid yana bayyana a cikin adireshin shafi, ka kashe wannan ta hanyar sa tracking-mode ya zama COOKIE kaɗai, musamman yanzu da adireshinku zai fara ɗaukar lambar aiki, kuma kashiyoyi za su iya kwafe shi su tura wa akanta.

Idan lokacin ƙara teburin ya yi, ka sa masa gurbin lokacin da aka buɗe layi da lambar kashiyan da ya buɗe shi. Layukan da suka kwana ba a kammala ba kada a goge su kai tsaye, a fitar wa akanta da su kowace safiya ya gwada da kuɗin da ke cikin akwati da abin da ya shigo banki, sannan a rufe su.